Kujerar Babur Don Doguwar Tafiya: Tambayoyin Da Ake Yawan Yi Mini a Shago

Sana'ata ɗinkin kushin ce a nan Jos, na mota da na babur, kuma ni ma mai hawa ne. Masu kawo mini kujerar babur iri biyu ne: matasa masu manyan mashina da ke fita Abuja ko Yankari ƙarshen mako, da magidanta masu Boxer ko Haojue da tsadar mota ta sa suke goya iyali zuwa Toro, Saminaka ko Mangu. Tambayoyinsu kusan ɗaya ne. Ga su nan, tare da amsar da nake bayarwa idan muna tsaye a bakin shago.

Malam, tun ban gangara Hawan Kibo ba mazaunaina suke zafi kamar na zauna a kan garwashi. Kujerar ce ko jikina?

Galibi kujerar ce. Kamfani kujera ɗaya yake yi wa kowa, dogo da gajere, siriri da mai jiki, kuma yana so ta zama siririya don ƙafar mai saye ta taɓa ƙasa a wurin ciniki. Ta isa kai-komo tsakanin Terminus da Bukuru. Amma daga Jos zuwa Abuja ta Akwanga da Keffi kusan kilomita 300 ne, kuma ba don irin wannan zama aka yi ta ba.

Zauna a kan benci ka cusa tafin hannu a ƙarƙashinka. Za ka ji ƙasusuwa biyu masu tsini. A kansu nauyin jikinka daga ƙugu zuwa sama yake sauka. Kujera siririya mai doro a tsakiya tana tara wannan nauyi a 'yan wurare ƙanana, naman da aka danne ya rasa isasshen jini, sai zafi. Ƙara da gumi, da zamewar da kake yi gaba duk lokacin da ka taka birki. Shi ya sa kafin in taɓa kujera nake tambaya: a ina yake fara maka ciwo, kuma bayan minti nawa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zafi a ƙasusuwan nan biyu maganinsa daban, ciwon ƙashin gindi daban, ciwon gwiwa kuwa sau da yawa tsayin kujerar ne ba sosonta ba.

To ba sai a ƙara soso mai laushi a wuce wurin ba?

Nan ne muka fi yin gardama da masu zuwa. Mutum zai danna kujera da babban yatsa, in yatsan ya lume sai ya ce ta yi. Yatsa ba ya ɗauke da kilo 70 ko 90, kuma ba ya yin awa huɗu a wurin.

Soso mai laushi, irin na katifar araha, yana lotsewa gaba ɗaya cikin minti kaɗan, sai ka koma zaune a kan robar ƙasan kujera. Kuma da ƙasusuwan suka nutse, sai soson tsakiya ya taso ya danne inda bai kamata a danne ba, wato tsakanin cinyoyi, inda jijiyoyi suke. Ga shi ka lume, ba damar ka ɗan gyara zama. Akwai wani bawan Allah da ya dage sai na jera masa soson katifa hawa uku. Na gaya masa abin da zai faru, ya ce in yi kawai. Bauchi ya je, kimanin kilomita 130, washegari ya dawo muka kwance aikin.

Ku dubi sirdin doki. Katako ne a ciki, shimfiɗar da ke kansa ba wani kauri gare ta ba, amma mahayi yana wuni a kai, domin an sassaƙa shi daidai da zaman mutum. Haka kujerar tsohuwar tarakta, ƙarfe ce zalla mai kwari kamar tasa, manomi kuma ya yi huɗa a kanta tun safe. Siffa ita ce gaba da komai. Abin da nake nema a kujerar tafiya shi ne ta yi faɗi a baya inda ake zama, yadda har saman cinya zai ɗauki wani kaso na nauyin. Ta ɗan yi kwari maimakon doro. Ta kwanta daidai ba tare da ta gangara wajen tanki ba. Sannan ta tsuke a gaba don ƙafa ta sami hanyar sauka ƙasa. In an sami wannan, soso mai ɗan tauri ya fi, sai a ɗora siririn mai laushi a sama don taɓawar farko.

Wane soso ne ya dace da yanayinmu?

A ƙasa ina sa soso mai nauyi, ko irin wanda aka niƙa aka matse da gam, wanda ake yin katifar masu ciwon baya da shi. Nauyin soso shi ke nuna daɗewarsa: ɗauki guntu biyu masu girma ɗaya, wanda ya fi nauyi a hannu zai fi jure zama. Ba ma wahalar samu, tunda Vitafoam na da masana'anta a nan Jos, ga kuma na Mouka a kasuwa. Sai dai ka tambayi lambar nauyinsa, kada ka tsaya ga launi.

Soson nan mai riƙe shatin hannu in an danna shi yana da wani hali da ya kamata mutumin Jos ya sani: sanyi yana taurara shi, zafi yana sa shi ya saki. Jos tana bisa tudu sama da mita 1,200, kuma a hunturu wasu darare sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10. Ka fita bayan sallar asuba a watan Janairu, kujerar kamar allo. Ka gangara Hawan Kibo ka isa Akwanga rana ta take, ta koma lagwas. Kujera ɗaya, hali biyu a tafiya ɗaya. In za a sa shi, ya zama siriri a sama kawai.

Jel kuma, wato wata roba mai taushi da ake sawa cikin kujera, yana rage girgiza, amma yana da nauyi kuma yana shan zafi. Ka ajiye babur a rana a Keffi ka shiga cin abinci, in ka fito zai daɗe bai huce ba. Ni ba na sa shi sai an binne shi a ƙarƙashin soso.

Oga, in yi odar ta waje ne, ko in kawo tawa a gyara?

Ya danganta da babur ɗinka da aljihunka.

In Boxer ne, ko TVS, Jincheng, Haojue da makamantansu, kawo taka. Kamfanonin da suka yi suna a kujerar tafiya ba waɗannan mashina suke yi wa ba, kuma ƙasan kujerarka ta asali shi ne ya fi zama daidai a kan firam.

In kuwa babban babur ne, kamar BMW R 1200 GS, Africa Twin, V-Strom ko Gold Wing, akwai zaɓi. Corbin a California suke, kujerunsu masu tauri ne da faɗi, ƙasansu na faiba, sun fi ta kamfani nauyi. Sargent suna Florida. Saddlemen an san su da jel da kuma kwarin da suke bari a tsakiya don rage dannewa. Touratech da Wunderlich na Jamus ne, masu GS sun san su. Russell Day-Long kuwa aikin tela suke yi: ka aika musu kujerarka ta asali, da tsayinka da nauyinka da hotonka kana zaune a kan babur, su gina maka a kai. Kujerarsu ba ta da kyan gani, tana da fikafikai a gefe, amma masu dogon zango suna yabonta. Daga Nijeriya dai aikawa da dawowa ba ƙaramin aiki ba ne.

Duk waɗannan kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne, ban da kuɗin jirgi da na kwastan, kuma in ta iso ba ta yi maka ba, mayarwa sai a hankali. Akwai hanya ta tsakiya da nake so: Seat Concepts suna sayar da soso da aka riga aka sassaƙa tare da rigarsa, kai kuma ka kai wa mai kushin ya ɗora a kan ƙasan kujerarka.

Shawarata, ko kana da kuɗin, fara gyara taka. In ma daga baya ka yi oda, ka riga ka san faɗi da tsayin da jikinka yake so.

Ta yaya zan tabbatar wadda zan saya za ta shiga?

Sunan babur kaɗai bai isa ba, domin kamfani kan canza maƙalar kujera daga wata shekara zuwa wata. Yawancin manyan mashinanmu na hannu ne, takardunsu ba kullum suke faɗin ainihin shekarar ƙira ba. Tura wa mai sayarwa lambar firam da hoton ƙasan kujerarka. In ta hannu za ka saya, juya ta ka duba ko robar ta tsage, sannan ka maƙala ta a kan babur ka girgiza. Kujerar da ke motsi kada ka karɓa.

Ni gajere ne, da ƙyar yatsuna ke taɓa ƙasa. A rage mini tsayinta?

Ƙanena, kafin a rage tsayi bari a fara tsuke gabanta. Kujerar GS tana tsakanin milimita 850 da 870 daga ƙasa, amma sau da yawa ba tsayin ne ke hana ƙafa isa ba, faɗin gaban ne yake ware cinyoyi. In aka fere gefe biyu kusa da tanki, sai ka ga ƙafa ta sauka ba a taɓa wurin zama ba.

Rage tsayi yana da farashi. Soso ya ragu, gwiwa kuma ta ƙara lanƙwashewa tunda mataki yana nan inda yake. Mai ciwon gwiwa zai ji a jikinsa kafin Mararrabar Jama'a. Dogon mutum ma ƙari yake buƙata, santimita biyu ko uku, sai ya ji ƙugunsa ya saki. Kuma a sani, kowace kujerar tafiya mai faɗi tana ɗan nisanta ka da ƙasa, ko da an rubuta tsayinta ɗaya da ta asali.

Malam, maigidana ya gyara wajensa yana ta murna, ni kuwa da yake goyawa zuwa Saminaka sai na kwana biyu ina jinyar baya. Ba a yin komai ne don na baya?

Hajiya, ana yi, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini. Magidanta da yawa sukan zo su kaɗai, su yi ta bayanin nasu wurin, in na ce ina mai zama a baya sai su ce ai wajen ba matsala. Alhali na baya ya fi shan wuya. Yana zaune kusan bisa tayar baya, duk ramin da aka faɗa shi yake fara ji. Ba ya riƙe da kan babur, ba ya ganin gargada kafin a shige ta balle ya shirya, wurin zamansa kuma yawanci ya fi ƙanƙanta, sosonsa ya fi siranta. Ga mata kuma, tazarar ƙasusuwan zama galibi ta fi ta maza, don haka siririn baya ya fi cutar da su.

Ga abin da nake yi. Ina faɗaɗa wajen baya gwargwadon abin da maƙallan hannu suka bari. Ina kwantar da shi daidai, domin in ya gangara gaba, kowane birki sai ki zame ki faɗa bayansa, hulunan kwano su yi karo. Ina tayar da ɗan tudu tsakanin wurin direba da na baya: shi ya jingina ƙugunsa, ke kuma ya tare ki. Rigar wajen ina zaɓar wadda ba ta da santsi, tunda atamfa da leshi suna zamewa a kan leda mai sheƙi fiye da wandon jins.

Sai majingini. Akwatin baya mai ɗan kushin, ko ƙaramin ƙarfe da aka naɗe da soso, yana canza tafiyar gaba ɗaya, domin ba sai kin yi ta ƙanƙame ƙarfe da hannu awa uku ba. Amma kada a matso da shi har ya takure ki, a bar wurin da za ki ɗan motsa. A duba matakan ƙafa kuma. In sun yi sama da yawa gwiwa za ta ƙage, nauyi duka ya koma ƙashin gindi.

Abu na ƙarshe ba aikina ba ne, na bakanike ne. In za a yi goyo, a ƙara wa shokazoba ta baya tauri, a ƙara iskar taya yadda littafin babur ya ce. Shokazobar da ta mutu, babu soson da zai rufa mata asiri.

Ki ce masa ku zo tare. In ba ki son a gwada a bakin titi, a gida ki zauna a kan kwali mai kauri bisa benci na minti ɗaya, ƙasusuwan za su bar shati biyu, ya kawo mini kwalin in auna.

Za a iya yin kujerar da ta dace da zaman gefe, ƙafa biyu a ɓari ɗaya?

Na san dalilin zaman, zani ne da kunya, kuma ina girmama hakan. Amma ba zan ce miki akwai kujerar da za ta mai da shi lafiyayye a doguwar hanya ba. Nauyi yana rinjaya gefe guda, ƙafa ɗaya ba ta da mataki, kuma a kwanonin Hawan Kibo ba abin da ke riƙe da mutum. A sa wando a ƙarƙashin zani ko doguwar riga a zauna sosai. A tattare hijabi da gefen zani a danne su da zama, domin sarƙa da tayar baya suna fizgar tufa, kuma mun ga abin da hakan ke jawowa. Dokar hular kwano da hukumar kiyaye haɗura ta fara tilastawa ranar 1 ga Janairu 2009 ta haɗa da wanda aka goya.

Dogon sit irin na 'yan acaɓa fa, wanda ke hawa har kan kariya?

Don tafiya, a'a. An yi shi ne don a ɗauki mutum uku. Duk nauyin da ya wuce tsakiyar tayar baya yana ɗage gaba, kan babur ya yi sakayau, musamman a hawan tudu. Kariya kuma ba don ɗaukar mutum aka ƙera ta ba.

Fata ko leda?

A Jos ina ba da shawarar leda mai kyau. Daminarmu doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara. Fata tana da daɗin zama, tana shan gumi, tana bin siffar jiki, amma tana son mai da inuwa. Ruwa ya jiƙa ta, hunturu ya busar da ita, sai tsagewa. Mai gareji da haƙurin shafa mai zai iya.

Ko wacce aka zaɓa, ruwa ta ɗinki yake shiga. Kujera mai zane-zanen ɗinki tana da kyau a hoto, amma kowane hujin allura ƙofa ce. Soso ya sha ruwa, ka zauna washegari ya matso maka a wando, daga baya ya ruɓe. Ka sa ido a shimfiɗa siririyar leda tsakanin soso da riga, kuma kada ɗinki ya bi ta daidai inda kake zama. Baƙar riga ta fi ɗaukar zafi, ga masu yawan sauka Abuja.

Ba ni da kuɗin gyara yanzu. Akwai abin da zan ɗora a kai?

Akwai, kuma mafi kyawunsu yana gidajenmu: buzu. Fatar rago mai gashi tana barin iska ta ratsa, tana rage gumi a zafi, tana ɗumi a sanyi. Masu yawon duniya a babur kuɗi suke sawa su saya. A yanka shi daidai, a ɗaure da roba ta ƙasa don kada ya zame, a cire in hadari ya haɗo.

Ragar nan mai kauri da ake sayarwa wajen masu kayan babur tana taimakawa wajen gumi da ruwa, sai dai ba ta gyara siffa. Shimfiɗar ƙwallayen katako irin ta direbobin tasi ma tana sanyaya zama, amma tana da santsi, ban so ta a hanya mai kwana. Matashin iska kamar Airhawk, wanda asalin fasaharsa daga kushin keken marasa lafiya ne, yana aiki in an hura shi kaɗan ƙwarai. In ka cika shi, za ka yi ta tangaɗi a kai.

Kujera mai ɗumi da lantarki tana da amfani a nan?

Ga mai babban babur da ke fita da asuba a Disamba, tana da daɗi. A ƙaramin babur wutar ba za ta ɗauka ba. Safar hannu da rigar sanyi sun fi ta muhimmanci.

Na sa sabuwa amma na ji ta fi tsohuwar tauri. An cuce ni ne?

Ba lallai ba. Soso mai nauyi sai an yi ta hawa yake kwantawa, jikinka ma ya saba da tsohon zama. Ba ta 'yan makonni da tafiya mai ɗan nisa biyu ko uku. Taurin da ya bazu ko'ina zai wuce. Amma in wuri guda ne yake sukarka, ko gefen kujera yana yankar cinya, ko kana zamewa zuwa tanki, wannan kuskuren siffa ne, jira ba zai gyara shi ba. Mayar wa wanda ya yi. Ni duk wanda na yi wa aiki nakan ce ya dawo bayan tafiyarsa ta farko, mu buɗe mu fere inda ya dame shi.

Ka duba kanka kuma. Walat a aljihun baya, ɗinkin jins mai kauri, gajeren wando da ke tattarewa in ya jiƙe da gumi, duk suna ɓata kujera mai kyau. Kuma ka riƙa tsayawa duk bayan awa ɗaya ko ɗaya da rabi, ka sauka ka taka, ka sha ruwa.

Baba, gaskiya ne kujerar babur tana kawo basir? Ni kuma gabana yakan sage bayan tafiya.

Na gode da ka faɗa, da yawa kunya ke hana su. Dogon zama da zafi da gumi suna iya tayar wa mai basir da ciwonsa. Sagewar kuwa alama ce cewa tsakiyar kujera tana danne jijiya, kuma ana rage ta da fere kwari a tsakiyar soso da kwantar da gaban kujerar. Amma in sagewar ba ta wuce ba bayan ka sauka ka huta, ko kana ganin jini, ko ciwo yana sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, wannan ya wuce mai kushin. Ka je asibiti, ɗana, kada ka tsaya a kan jiƙe-jiƙe.

In zan kawo aiki, da me zan zo?

Da babur ɗin kansa, ba kujerar kaɗai a hannu ba. Da takalmi da wandon da kake tafiya da su, da wanda kake goyawa ko kwalinsa, da akwati ko jakar da kake ɗaurawa a baya. Ka ware rabin yini. Za mu kafa babur a kan jek ɗin tsakiya, ka hau ka kama kai, ƙafa a mataki, in zana inda kake zama da alli. In na sassaƙa soson ba na rufewa nan take. Nakan ɗaure shi da leda ka zagaya, ka hau titin Zariya ko ka kai Bukuru ka dawo, ka faɗa mini abin da ka ji, na baya ma ya faɗi nasa da bakinsa. Sai kun ce ya yi sannan nake jan riga in buga mata ƙusoshi, gajeru waɗanda ba za su huda robar su fito ta sama ba, kuma marasa tsatsa saboda damina.